Bais a Cikin Kayan Auren Wangeci

Ihwagi, Karatina,
19 ga watan Yuli.

Zuwa ga ƙanwata Wamuyu,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarki Nyaguthii, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Waweru da yaran duka. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin jinyar tsofaffin nan da kike kula da su a Winnipeg, ya sa alherin da kike yi wa iyayen wasu a yi wa tamu uwar a nan. Mu dai sai godiya, kowa lafiya lau. Sanyin Yuli ya sauka da ƙarfinsa, yau kwana tara dutsen yana cikin gajimare ba mu ga kansa ba, wanki kuwa sai ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Na san za ki yi dariya ki ce ban san sanyi ba. To, kowa da irin nasa, mu wannan ya ishe mu.

Mama tana nan da gwiwarta. Likita ya ce ta daina shiga gonar shayi, ta ce masa to da ladabi, washegari da sassafe na same ta a tsakiyar gonar da kwando a baya, wai ba tsinka take yi ba, dubawa kawai ta zo yi. Maganin shafawar da kika aiko ya ƙare tun watan jiya, rabi a gwiwarta, rabi a gwiwoyin matan majami'a. Saniyarmu ta haihu, mace, madara ta wadata har muna kaiwa wajen tarawa kowace safiya. Ɗanmu Thuo ya samu aikin tuƙi a Nyeri, yana zuwa ƙarshen wata da burodi da labarai. Gathoni tana shekarar ƙarshe a makaranta, takwarar Mama ce har a taurin kai, amma karatu yana shiga. Masarar bana ma ta yi kyau, ba mu da abin cewa.

Sai maganar da ta sa na ɗauki biro. Kin yi ta ƙorafi a waya wai ina gutsura miki labarin auren Wangeci kamar mai rowa. Ba rowa ba ce. Rabin labarin ba ya faɗuwa da baki alhali mai shi yana zaune a gefena yana yi kamar ba ya ji, kin kuwa san kunnen maigidana Baban Wangeci. Yau na ce bari in zauna in rubuto miki shi daga tushe, in ba wa Nyawira 'yar maƙwabtanmu ta taho miki da shi, tunda jirginta ranar Laraba ne.

Yaron dai kin ga hotonsa, Owiti, dogon nan da sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofarmu. Mutumin Homa Bay ne, can bakin tafki, yana koyar da lissafi a makarantar da Wangeci take koyarwa a Nanyuki. Abin da mutane suka yi ta faɗa kan 'yarmu za ta auri mutumin tafki ba sai na maimaita miki ba, har a majami'a an ja ni gefe an ba ni shawarar da ban nema ba. Baban Wangeci bai taɓa yin irin wannan magana ba, in ba shi haƙƙinsa. Amma bai ce i ba, bai ce a'a ba, shekara biyu cur. Ita kuma 'yar gaban goshinsa ta rantse ba za ta taka ko'ina ba sai ya sa albarka da bakinsa, ga shekarunta ashirin da takwas. Duk zuwan da za ta yi gida sai in ga siket ya ƙara yi mata yawa.

Da ƙyar Yaya Ngatia, wansa, ya shawo kansa aka ba su ranar kawo kaya. Dattawa suka zauna suka tsara abin da za a zo da shi kamar yadda aka saba, awaki da zuma da bargo, tukwane da zannuwa a ɓangarena, kwat da hula da sanda na uban yarinya. Da aka zo kan nasa sai ya ce a soke kwat da hula, sanda kuwa yana da biyu tun yana ɗan shekara biyar, ba ya bukatar ta uku. Wai shi bais yake so, mai ƙarfi. Yaya Ngatia ya rubuta kalmomin kamar yadda suka fito, bais mai ƙarfi, bai ƙara ko wasali ba, aka aika Homa Bay.

Ke da kike kiran sana'arsa yaudarar kifi, kin dai tuna bais ɗinsa, ɗan siririn ƙarfen nan da ke maƙale a bakin tebur, mai baki kamar na tsuntsu. Shi ke cije ƙugiya ya riƙe ta yayin da mutumin yake naɗa mata zare da gashin zakara da na ɗawisu har ta koma ƙwaro, a aika ƙasashen Turawa su jefa a kogi. To wannan dai na tun kafin aurenmu shi yake aiki da shi har bana. Bakin ya cinye ya yi rami, sai ya cusa guntun reza kafin ya kama ƙaramar ƙugiya, wani lokaci kuma yana cikin jan zare ta fizge ta yi tsalle. Sau ɗaya ta same shi a ƙasan ido. Don haka bukatar ta gaskiya ce, ko da yake ni da na san shi na san har da gwaji a ciki.

Ranar Asabar ta biyu a watan Mayu suka iso da motoci uku. Matanmu suka rufe ƙofa suna waƙa, nasu suna amsawa daga waje, aka sha raha kafin a buɗe. Kwanduna suka shiga, awaki suka shiga, sai ga samari huɗu a baya sun rataya wani abu cikin buhu a jikin gungume suna nishi. Na ɗauka injin niƙa ne. Aka dire shi a gaban dattawa cikin rumfa, har ƙasa ta amsa. Baffan Owiti, wani dattijo mai babbar murya da ake kira Ogutu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a wajen gyaran jiragen ruwa a Kisumu, ya miƙe ya gyara kwat ya yaye buhun da kansa. Bais ne kuwa, 'yar'uwa, amma irin na makanikai, shuɗi, nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. Ya ce wai surukinsu ya nemi mai ƙarfi, to ga ƙarfi nan, shi da kansa ya zagaye Kisumu ya zaɓo, ko ƙafar babbar mota aka ba shi zai riƙe, jikokin jikoki ma za su gaje shi.

Matan nan uku da ke ɗaurin ƙugiya tare da Baban Wangeci suna bayan rumfa, na ji ɗaya ta shaƙe da dariya ta ruga bayan ɗaki. Yaya Ngatia ya so ya gyara, sai ya ƙara ɓatawa. Ya karɓi gwangwanin ƙugiyoyi daga aljihun ƙanensa, ya ɗauko ƙarama wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ya ce a gwada ko a dace. Baffa Ogutu ya murɗa hannun sau ɗaya, da aka buɗe sai ga ƙugiya ta baje ta karye biyu. Ya ɗaga guntun yana kallo, ya ƙyalƙyale da dariya, wai yanzu da wannan ake kama kifi a ƙasar duwatsu? Wai a garinsu kifin da zai haɗiyi wannan kaji ake watsa wa. Har nan wasan surukai ne, namu ma sun dara, Yaya Ngatia ya rama da cewa mu dai ba ma cin abin da ke kallonmu daga cikin kwano. Sai dattijon ya ƙara wadda ta wuce wasa. Wai ashe aikin kwalliya ne na zare da gashin kaza, ai da an faɗa masa da matarsa ya aika ta zaɓo.

Baban Wangeci ya miƙa hannu ya karɓi kayansa. Ya rufe gwangwaninsa, ya jawo sandunansa, ya ratsa tsakiyar baƙi ya shiga ɗakin aiki ya turo ƙofa. An ci mukimo da naman akuya, amma kamar a gidan makoki. Ba a tsayar da rana ba, baƙi suka kama hanya tun kafin la'asar, Owiti yana tsaye jikin mota kansa a ƙasa har aka tura shi ciki. Wangeci kuwa ba ta yi kuka ba. Ta tattara kwanukan taron ta wanke su tas ita kaɗai, ta hana kowa taɓawa, wannan ya fi kuka tayar mini da hankali.

Kin san ni ba na kwana da magana. Jama'a na watsewa na same shi a ɗakin, na ce masa girman kai rawanin tsiya ne, mutane sun taso tun daga bakin tafki, kuskure suka yi ba zagi ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ce shan inna ta ɗauke masa ƙafafu ta bar masa hannuwa, da hannuwan nan ya gina ɗakin da nake tsaye ciki ina yi masa faɗa, da su ya kai 'ya'ya uku makaranta. Tun yana saurayi yake jin masu ƙafafu suna ce wa aikinsa aikin mata, bai zaci zai ji shi a tsakar gidansa ranar 'yarsa ba. Ya ce in ma bar ta dattijon, shi yaron fa? Wai mutumin da aka ce masa ƙarfi ya kawo abin da ke murƙushewa, bai tsaya ya tambayi abin da za a riƙe ba, shi zai ba riƙon Wangeci? Na jawo masa ƙofa na fita.

Shi kuwa shuɗin bais ba ya mayuwa, mayar da kayan surukai yanke zumunci ne. Ya kwana huɗu a tsakar gida kaji suna hawa, daga baya Yaya Ngatia ya sa aka kafe shi a kututture kusa da turken saniya. Yanzu duk mai wasa adda ko gyaran ƙotar fartanya a Ihwagi gidanmu yake zuwa, har Mama ta ce cikin kayan da aka kawo shi ya fi amfanar jama'a.

Asabar ta zagayo, ina shara da safe sai ga Owiti a bakin ƙofa shi kaɗai, ba dattijo ba ɗan rakiya, abin da ko a wajensu ba a yi. Na tambaye shi ko so yake ya ƙarasa kashe maganar, ya ce in dai ta mutu ne gara ya san abin da ya kashe ta. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin aiki ya ba da haƙuri. Bai ɗora wa baffansa laifi ba. Ya ce shi ma ya yi zargin ba irin wannan ake nufi ba, amma kunya ta hana shi tambayar Wangeci, kada a ce malamin makaranta bai san bais ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya zauna ya ga aikin. Baban Wangeci bai ɗago daga ƙugiyarsa ba, ya ce kallo kyauta ne, amma ba tambaya, kuma duk wanda ya faɗa masa ko kalma ɗaya kan irin bais ɗin da ake so a gidan nan zai gamu da shi. Da ya ce a gidan nan, ni ya kalla.

Asabar huɗu yaron nan yana tasowa daga Nanyuki a matatun farko, motar hayar asuba, ya zauna kan akwatin katako a lungu, gwiwoyinsa har haɓa, tun safe har la'asar. Matan ɗakin suka samu abin yi. Wai sannu suruki gunki, ko da zare aka ɗaure masa baki ne, wai ina karfasar da ya kawo musu, wai ya matsa gefe kada a yi kuskure a naɗa shi a ƙugiya tunda siriri ne. Sai ya yi murmushi ya sha shayinsa. Shi kuwa maigidan, ko kallo yaron bai ishe shi ba, dozin bayan dozin yake ɗaurawa kamar ba kowa a ɗakin. Ni tausayi ya cika ni, ga shi an ɗaure mini harshe, sai na riƙa ƙara masa githeri, dafaffen masara da wake, har ya fara roƙona in rage.

A Asabar ta biyar ya ce zai je Nairobi. Ni ma sai zarenmu ya ƙare a daidai ranar, ikon Allah, kuma aka yi dace matatu ɗaya muka shiga. Baban Wangeci ya bi ni da ido har ƙofa ya ce in tuna Allah yana gani, na ce ai zare zan sayo. Shagon yana hawa na biyu a wani tsohon gini, wani dattijo ɗan Indiya ne a ciki wanda ya san mu shekara da shekaru. Ya jero bais shida a kan kanta. Akwai wani fari ƙal mai walƙiya, yana juyawa ta ko'ina, da 'yan maɓallai kamar kayan asibiti. Shi mai shagon ya turo gaba, wai shi baƙi masu yawon buɗe ido suke so. Owiti ya miƙa hannu wajensa, ni kuma tari ya sarƙe ni, na yi shi har sau uku. Yaron nan ya juyo ya laluba aljihu ya miƙo mini alewar tari, ya ce in yi haƙuri in zauna a kujera, sanyin nan ba shi da kyau. Na zauna ina tsotsar alewa ina cizon harshe.

Ashe ba ya bukatata. Ya fito da ƙugiyoyi a ƙunshin takarda, daga mai kamar ƙwayar shinkafar nan har babba ta kifin teku. Kowane bais sai ya rufe bakin ya ɗaga shi wajen taga ya duba ko haske yana ratsawa tsakani. Biyu suka faɗi a nan. Sannan ya sa ƙugiya ya ɗalle ta da farce ya kasa kunne, yadda ya ga ana yi a gida. In riƙon ya yi, sai ta ba da ƙara siririya mai tsawo, in bai yi ba sai ka ji ta a dusashe. Farin nan mai walƙiya ya yi ƙara da babbar ƙugiya, da aka sa masa ƙarama aka ja sai ta sulale. Na ce a raina, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ya ari filaya ya danna ƙugiya ƙasa da ƙarfi a sauran ukun, yana neman wanda ƙugiya za ta lanƙwashe ba ta motsa daga bakin ba, in an cire ta kuma ba a ga tabo a jikinta ba. Ya ɗaura kowanne a bakin kanta ya girgiza ya ji ko wuyan yana rawa. Ya tambayi ko bakin ƙarfe ne mai tauri ko narkakken banza ne da aka shafa wa fenti, ko kuma ana samun na canji in wannan ya cinye. Mai shago ya gaji, ya juyo wajena wai wannan ɗan naki bais zai saya ko aure yake nema? Na ce masa duka biyun.

Aka rage biyu, duka baƙaƙe marasa kyan gani, duka masu riƙo. Ɗaya irin na gida ne sak, mai sukurun da ake murɗawa da yatsu. Ɗayan kuma ɗan hannu gare shi a baya, a danna ƙasa ya cije, a ɗaga ya saki. A raina ina ta roƙon ya ɗauki mai sukuru, shi mutumin ya saba da shi sama da shekara talatin, kuma ba ya son sabon abu, ko kofin shayinsa aka canza sai an ji. Sai na ga Owiti ya naɗe babban yatsansa na dama cikin tafin hannu ya ɗaure da hankici, ya nemi gajeriyar kujera ya zauna, ya yi ta buɗewa da rufewa a haka, wannan sau ashirin, wancan sau ashirin. Na ɗauka ƙugiya ce ta soke shi. Ya kwance hankicin ya ce a naɗe masa mai ɗan hannu. Har muka iso Karatina ban yi masa magana ba, don na tabbata ya ɓata rawarsa da tsalle.

Mun iso da la'asar, matan ba su tashi ba, Wangeci ma ta zo tana ɗakin girki ta kasa fitowa. Owiti ya ajiye ƙunshin a kan tebur da hannu biyu ya koma kan akwatinsa. Baban Wangeci ya kwance tsohon bais ya ajiye gefe, ya ɗaura sabon ya girgiza shi. Ya sa ƙaramar ƙugiya ya danna hannun da gindin tafinsa, ya ɗalle ta, kowa ya ji ƙarar don ba mai ko motsi. Ya sa babba ya lanƙwasa ta. Sai ya jawo zare ya ɗaura ƙwaro ɗaya, ya ɗaura na biyu, har shida. Can ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, wa ya ce masa ya ɗauko mai hannu. Na dafe ƙirji zan rantse, Owiti ya riga ni, ya ce ba kowa, ni ma fushi nake yi da shi tun daga Nairobi. Ya ce to me ya hana shi ɗauko irin wanda ya gani a ɗakin nan Asabar huɗu? Yaron ya dube ni, ya dubi matan, ya ce in Baba ya yarda zai faɗa masa su biyu. Mutumin ya ce a gaban jama'a aka yi masa dariya, a gaban jama'a zai ji amsa.

Owiti ya yi ƙasa da murya ya ce ya lura duk lokacin da Baba zai murɗa sukuru sai ya ɗan tsaya ya ja numfashi. Kuma ba da babban yatsa yake murɗawa ba, da gefen manuniya da na tsakiya yake yi. In rana ta yi tsaka yakan sa hannun dama a hammata kamar mai jin sanyi, alhali na hagun yana waje. Ya ce ya ƙirga, a yini ɗaya Baba yana ɗaure sukurun nan ya kwance fiye da sau ɗari biyu, shi ya sa ya nemi wanda tafin hannu zai iya rufewa ba sai da yatsa ba. In ya yi kuskure a yafe masa.

Wamuyu, na tashi na kama hannun mutumin nan, ya so ya janye na riƙe. Gindin babban yatsan ya kumbura ya yi tauri, ina taɓawa ya runtse ido. Shekara biyu ke nan, in ji shi daga baya. Ya ɓoye ne don ya san in na gani zan hana shi aiki, shi kuwa in an raba shi da teburin nan bai ga abin da ya rage masa ba. Shekara ashirin da tara ina miƙa wa hannun nan kofin shayi, ni mai ganin ƙwaƙwaf, ni da ke sanin wadda ta yi sabon ciki a Ihwagi kafin mijinta ya sani, ban gani ba. Baƙo daga bakin tafki ya gani a Asabar huɗu daga kan akwati. Na shiga ɗakin girki na yi kuka, rabi kunya rabi haushi, Wangeci ta riƙe ni tana tambaya ko an ƙi ne.

Muna nan sai muka ji muryarsa daga ɗakin aiki yana mita. Wai wuyan bais ɗin ya yi tsawo da kaɗan, fentin kuma muni gare shi kamar gindin tukunya, sai ya shekara kafin ya saba da hannunsa. Sannan ya ce wa Owiti ya tambayi baffansa wane wata ne hanyarsu ba ta da laka, su zo a tsayar da rana, kuma wannan karon dattijon ya taho da matarsa, tunda ya ce ita ta iya zaɓe. Wangeci ta sulale ta zauna a ƙasa jikin murhu, sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun watan Mayu.

Sun dawo farkon wannan wata, da matar kuwa, mace mai kirki wadda ta fi mijinta kunya. Baffa Ogutu bai iya cewa a yi haƙuri ba, ba irinsa ba ne, amma ya roƙi a ba shi zare ya gwada. Ya tsinka shi sau uku, ya share gumi, ya ce gyaran injin jirgi ya fi wannan sauƙi. An tsayar da rana, Asabar ɗin ƙarshe kafin Kirsimeti. Ki fara neman hutu tun yanzu, ba zan karɓi uzuri ba, zumunta a ƙafa take. Shi kuma na ja shi asibiti da ƙarfin tsiya, an ce gaɓar ce ta cinye, an ba shi ƙwayoyi da abin ɗaure yatsan, an ce ya rage aiki. Ya rage dozin biyu yana mita. Hankalina dai a kwance yake, 'yar'uwa, ina barci har da minshari. Ban san ko Owiti zai yi arziki ba, albashin malami kin san shi. Abin da na sani, in Wangeci tana ɓoye ciwo irin na ubanta, a gidan nan da za ta shiga akwai mai gani.

Ki gaishe mini da Waweru da kyau, ki ce masa muna jiransa. Ki shafa mini kan Kibuchi da Wacera, ki gaya musu kakarsu tana tambaya ko sun manta yarenmu. Mama tana gaishe ki tana sa miki albarka, haka Yaya Ngatia da iyalinsa, da matan ɗakin aiki. Wannan sashen kaɗai na karanta wa Baban Wangeci cikin takardar, yana ɗaurinsa a gefena. Da na zo kan sunayen yaranmu na gida sai ya ce na tsallake mutum ɗaya. Na sake dubawa na ce ban tsallake kowa ba, uku na haifa uku na rubuta. Ya ce in soke layin in sake, kuma kada in sa shi a ƙarshe kamar baƙo. To ga shi na sake. Yana gaishe ki, kuma 'ya'yanki na nan gida suna gaishe ki: Wangeci, Owiti, Thuo da Gathoni.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Yayarki mai kewarki,
Nyaguthii